Yadda ake haɗa rahoton rediyo na firaktikal da waya kaɗai: jagora ga ɗaliban aikin jarida

Kusan kowace semesta da zarar malaman Maskom, wato sashen koyon aikin jarida, sun fara raba asaimen ɗin firaktikal sai saƙonni su yi ta shigo min daga ƙannenmu ɗalibai, na BUK ne, na ABU Zariya ne, har da 'yan poli, kuma tambayar dai ɗaya ce: an ce mu haɗo rahoton rediyo na minti uku ko biyar, ba mu da rikoda, situdiyon dipatmen layi ya yi yawa, ta ina za mu fara? Wasu ma sai ana saura kwana biyu a karɓa sannan za su tambaya. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi tiryan-tiryan yadda kowa zai ɗauka ya yi amfani da shi. Tun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta rarraba Maskom gida bakwai a 2020, ko kana ɓangaren aikin jarida ko na watsa shirye-shirye ko na sadarwar ci gaban al'umma, da wuya ka gama ba ka ci karo da irin wannan aikin ba.

Abin da nake so ku riƙe tun daga nan shi ne, rahoton rediyo muryoyin mutane ne na gaskiya waɗanda ka taka da ƙafarka ka je ka same su a inda suke. Situdiyo da kiɗa da editin duk suna zuwa ne daga baya, kuma wayar da ke hannunka ta isa ta yi aikin in ka bi matakan nan bi da bi.

1. Fahimci abin da malam ya nema

Kafin ka fita ko'ina ka tabbatar da abu huɗu: minti nawa ake so, da wane harshe, wane irin fayil za a miƙa (MP3 ko WAV), sannan ko za a haɗa da skirif, wato rubutaccen rahoton, a buge a takarda. In a baki malam ya faɗa a aji, a sa kilas ref, wato wakilin aji, ya koma ofishinsa ya sake tambaya, don an sha ganin aji guda sun rabu biyu a kan abin da aka ji. Ka kuma san wane nau'in aiki ne, rahoto mai muryoyi wanda 'yan gidan rediyo ke cewa fakej daban, jin ra'ayin jama'a zalla daban, dokumentari daban. Wannan jagorar a kan fakej take.

Hattara: in an ce minti uku to minti uku ne. Kar ka kawo shida kana tunanin ƙoƙari ka yi. A gidan rediyo tsayawa a kan lokaci yana cikin aikin, malamai da yawa kuma a nan suke fara rage maki.

2. Zaɓi labari, ba maudu'i ba

A nan yawancin gurup ke faɗuwa tun ba a danna rikodin ba. "Matsalar ruwa a Najeriya" ba labari ba ne, taken lacca ne, ba za ka iya shi a minti uku ba ko kai wane ne. Amma "me ya sa kuɗin jarkar ruwa ke tashi a unguwannin da ɗalibai ke haya irin su Ɗanbare da Rijiyar Zaki da zarar zafi ya shigo", wannan labari ne, domin akwai wurin zuwa, akwai wanda abin ya shafa, akwai wanda za a tambaya dalili.

Ka gwada duk labarin da ya zo maka da tambaya uku. Zan iya isa wurin da ƙafa ko da adaidaita ɗaya? Akwai mutanen da abin ke ci musu tuwo a ƙwarya kuma za su yarda su yi magana? Sannan, wadda ɗalibai suka fi mantawa, labarin yana da sauti? Rediyo kunne ne. A labarin ruwa kana da ƙarar kurar ɗan ga-ruwa da jarkoki suna karo da juna, kana da zubar ruwa a bokiti, kana da janareton borehol. Labarin kayan miya a 'Yankaba yana da hayaniyar ciniki da masu sauke kwando. Labarin 'yan adaidaita a Kabuga yana da hon da kiran fasinja. Labarin da ba shi da komai sai mutum zaune a ofis yana bayani zai yi wuyar saurare ko da kuwa muhimmi ne.

In kun tsayar da shi ku rubuta shi a jimla ɗaya a saman takarda. In ya ƙi shiga jimla ɗaya to bai nuna ba tukuna, ku sake rage shi.

Gargaɗi mai ƙarfi: a asaimen ɗin aji kar ku ɗauko labarin da zai ɗora wa wani mutum mai suna laifi, ko rigimar addini, ko zargin lalata, ko harkar 'yan daba. Ba don labaran ba su da muhimmanci ba, a'a, sai don ba ku da edita ba ku da lauya a bayanku, kuma an sha amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 a kama 'yan jarida, duk da gyaran da aka yi mata a 2024. In kana da irin wannan labarin kuma kana da hujja, ka kai wa malamin da ka yarda da shi, ko ka nemi shirin Campus Reporter na CJID, cibiyar da ke bunƙasa aikin jarida, inda akwai editocin da ke duba aikin ɗalibai kafin ya fita.

3. Raba aiki da kuɗi tun ranar farko

In aikin gurup ne ku zauna ido da ido sau ɗaya, ba a WhatsApp kawai ba. A fitar da furodusa mai riƙe da jadawali, masu fita fili mutum biyu ko uku, mai rubuta skirif, mai karantawa, mai editin. Kar a fita fili da mutum takwas, tsorata mutane kawai za ku yi. Lallai a sa mace a cikin masu fita, domin akwai muryoyin da namiji ba zai taɓa samu ba, musamman matan aure a cikin gida, kuma a labari irin na ruwa su ne suka fi kowa sanin zafin abin.

Kuɗin da za ku kashe ba shi da yawa in kun lissafa da wuri: kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, kuma ku lissafa fita biyu ba ɗaya ba don da wuya a gama a zuwan farko, sai data, sai cajin waya ko laftof in babu wuta, sai buga skirif da bayindin in an nema, sai makirfon in za ku saya. A tara a hannun mutum ɗaya yana rubuta shige da fice a fili kowa na gani. Wanda bai ba da kuɗi ba kuma bai zo aiki ba a gaya masa tun a makon farko cewa sunansa ba zai shiga ba, kar a bari sai ranar miƙawa a yi ta cacar baki a bakin ofishin malam.

4. Kayan aiki

Waya kowace iri mai Android ko iPhone ta isa. Ka goge tarkace ka bar mata fili aƙalla gig ɗaya. Manhajar rikodin da ta zo da wayar za ta iya, amma ka shiga saitin ka ɗora ta a kan inganci mafi girma, in tana da zaɓin WAV da 44.1 kHz ka zaɓe su. WAV na mono yana cin wajen MB 5 a minti ɗaya, MP3 na 128 kbps kuma wajen MB 1, ka ga ko awa guda ka naɗa ba wani abu ba ne.

Iyafis mai waya dole ne, da shi za ka saurari abin da ka naɗa tun kana wurin. Sai pawabank, sai ƙaramin littafi da biro. Sai safa mai tsabta ko ɗan soso da za ka rufa wa gindin wayar saboda iska, musamman lokacin hunturu, don iska in ta bugi makirfon ba editin ɗin da zai gyara.

Makirfon na maƙalawa a wuyan riga ba dole ba ne amma yana taimakawa sosai a wuri mai hayaniya. A Kano ana samunsu a Farm Centre, ka taya shago biyu ko uku kafin ka biya, gurup kuma guda ɗaya ya ishe ku. Irin Boya BY-M1 ɗin nan da ya yi yawa a hannun ɗalibai yana da doguwar waya ta mita 6 da ɗan makunni mai ɓangaren kyamara da ɓangaren waya, ka tabbatar yana ɓangaren waya.

Hattara: ka gwada makirfon a cikin shagon da wayarka kafin ka ba da kuɗi. Bakin da ke shiga waya mai zobe uku ne, mai zobe biyu na kyamara ne, in ka sa shi wayar za ta ci gaba da naɗa da makirfon ɗinta kai kuma kana can kana zaton sabon ne ke aiki. Hanyar ganewa, ka fara rikodin ka ɗan ƙwanƙwasa kan makirfon ɗin da farce sannan ka saurara. In wayarka ba ta da ramin iyafis sai ka haɗa da adafta ta Type-C, ita ma a gwada ta a wurin.

5. Takardar dipatmen da neman izini

Ka je ofishin HOD, wato shugaban dipatmen, ka nemi takardar gabatarwa mai hatimi da ke nuna ku ɗalibai ne kuma aikin makaranta kuke yi. Tana iya ɗaukar kwanaki, don haka ranar da aka ba da asaimen a ranar za ka nema. Ka yi fotokwafi ka riƙe tare da ID kad.

In unguwa za ku shiga ku fara da mai unguwa, in kasuwa ce ku fara da ofishin shugabannin 'yan kasuwa ko sarkin layin, in tasha ce ku ga 'yan yuniyon. A yi sallama, a gaisa sosai, a ce ranka ya daɗe mu ɗalibai ne daga jami'a muna koyon aikin jarida, ga abin da ya kawo mu. Minti goman da za ka ɓata a nan shi zai sa in wani ya taso maka daga baya ka ce ai mun ga mai unguwa, magana ta mutu. Sau da yawa ma shi zai haɗa ka da yaron da zai nuna maka waɗanda suka fi sanin abin.

Gargaɗi: kar ka ɗaga waya kana naɗa a kusa da bariki, caji ofis, shingen jami'an tsaro, harabar kotu ko cikin asibiti ba tare da izini a rubuce ba. Takardar dipatmen ba za ta hana a karɓe wayarka ba.

6. Fita fili da naɗar murya

Wannan shi ne zuciyar aikin, ku ba shi lokacinsa.

Ka rubuta tambayoyi biyar ko shida kawai, kuma kar su zama masu amsar e ko a'a. Kar ka ce "Baba ruwa ya yi tsada ko?" don zai ce maka "ƙwarai kuwa" shi ke nan ka tashi da sakan ɗaya. Ka ce "Baba yaya kuke samun ruwa a gidan nan daga safe zuwa dare?" ko "Malam ina kake ɗebowa, nawa kake biya a can, kura nawa kake iya turawa a yini?" Irin waɗannan su ke sa mutum ya ba ka labari da bakinsa.

Lokacin zuwa ma abin lura ne. Ɗan kasuwa ba zai saurare ka ba yana tsaka da ciniki, ɗan ga-ruwa da sassafe yake cikin aiki, sai hantsi ya daga ko bayan La'asar za ka same shi ya zauna. Ka kauce wa lokacin kiran salla don lasifika za ta shiga rikodin ɗin kuma ba kyau ka tsare mutum a lokacin. Ranar Juma'a daga sha biyu zuwa uku ka cire ta a lissafi.

In kun zauna ga yadda za ka yi. Sa wayar a yanayin jirgin sama, don kira ɗaya in ya shigo zai iya katse rikodin. Juya gindin wayar wajen bakin mai magana, a nan makirfon yake, tazarar kamar taƙi ɗaya, ɗan gefe kaɗan ba saitin baki ba don kar iskar "f" da "b" ta dinga bugawa. Kai za ka riƙe wayar, kar ka miƙa masa, kuma ka riƙe ta cak ba ka wasa da yatsu a jikinta. Ka juya yadda janareto ko titi zai kasance a bayanka kai mai riƙe da waya, in da hali ku matsa cikin zaure ko bayan shago. Abu na farko da zai shiga rikodin shi ne sunansa da sana'arsa da amincewarsa a sa muryarsa, ka tambaye shi ya faɗa da bakinsa. In ya ce ba ya so a faɗi sunansa ka mutunta, kuma ka cika alƙawarin.

Yanzu abu mai wuya ga Bahaushe: ka yi shiru. Mun saba in mutum na magana muna "na'am", "haka ne", "ƙwarai", "Allah sarki", to duk waɗannan za su hau kan muryarsa kuma ba sa ciruwa. Ka dinga gyaɗa kai kana kallonsa. In ya kai aya ka ɗan jira sakan biyu kafin tambaya ta gaba, sau da yawa a wannan ɗan shirun ne mutum ke ƙaro maganar da ta fi duk wadda ya faɗa. Tambayar ƙarshe kullum ita ce, akwai abin da ban tambaya ba da kake so mutane su sani?

Kafin ka bar wurin ka sa iyafis ka saurari farko da tsakiya. In akwai matsala ka ba shi haƙuri ku sake nan take. Sannan ka naɗi sautin wurin zalla na minti ɗaya ba mai magana, sai kuma sautuka na kusa, zubar ruwa, tayar kura, buɗe famfo. Ka canza wa kowane fayil suna a take, ka rubuta a littafi wane ne, a ina, ƙarfe nawa.

Gargaɗi: kar ku zauna a hostel ku sa abokan ɗaki su yi muryar ɗan ga-ruwa ko ta matar aure. Wallahi malamin da ya yi shekaru yana sauraren aikin ɗalibai yana ganewa daga jimlar farko, kuma ko bai gane ba kun koya wa kanku ƙirƙirar majiya, wanda shi ne laifin da ke raba ɗan jarida da aikinsa gaba ɗaya. Haka nan kar ku biya mutum don ya yi magana, kar kuma ku karɓi "na mota" daga wanda kuka yi hira da shi. Yara ƙanana kuma sai da izinin iyaye, ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya da aka amince da su a Ilori a 1998 ma sun hana bayyana ko yin hira da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 a kan abin da ya shafi laifi ko lalata.

7. Nemi ɗaya ɓangaren

Rahoton da ke da masu kuka kawai bai cika ba. In mazauna unguwa sun ce 'yan ga-ruwa sun tsawwala, a ji ɗan ga-ruwa, in shi kuma ya ce mai borehol ne ya ƙara kuɗi saboda mai, a ji mai borehol, in duk sun nuna hukuma a je ofishin jami'in hulɗa da jama'a na hukumar da takardar dipatmen. Ana iya ce muku oga ba ya nan, ku dawo gobe. Ku koma, ku kuma rubuta ranar da lokacin da kuka je. In har lokaci ya ƙure sai ku faɗa a rahoton cewa mun nemi jin ta bakin hukumar amma ba mu samu ba zuwa lokacin haɗa wannan rahoto, amma fa sai in da gaske kun nema.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata, to in akwai alƙaluman da kuke so ta wannan hanyar sai ku rubuta tun makon farko. Wani sauƙin da ɗalibai ke mantawa da shi, jami'a cike take da masana. Labarin ruwa akwai malaman sashen nazarin ƙasa, labarin farashi akwai na tattalin arziki, ƙafa kawai za ka taka zuwa wata fakalti.

8. Saurara ka zaɓi muryoyi

A daren da kuka dawo ku kwafe komai zuwa laftof da Google Drive ko imel. In za ka tura wa ɗan gurup ta WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, kar ka kunna a wata waya ka sake naɗa da bois not, ingancin zubewa yake.

Sai ka zauna da littafi ka saurari kowace hira kana rubuta minti da sakan ɗin da magana mai kyau ta faɗo. A rahoton minti uku murya uku zuwa huɗu sun isa, kowace sakan 15 zuwa 25. Ka zaɓi inda mutum ya faɗi abin da ya gani ko ya ji a jikinsa, bayanin alƙaluma da tarihin abu kai za ka faɗe su a taƙaice. Kar ka yanke magana yadda ma'anarta za ta juya, in ya ce "da muna samu amma yanzu babu" ba ka da ikon tsayawa a "muna samu".

9. Rubuta skirif

Sai ka zaɓi muryoyi sannan za ka rubuta, ba a fara rubutu a zo ana neman muryar da za ta dace da shi. Skirif yana da gabatarwa ta jimla biyu ko uku wadda mai karanta labarai zai karanta a situdiyo, sai sautin wuri, sai muryarka, sai ta mutum na farko, haka dai kuna karɓa-karɓa har zuwa sallama da sunanka. Ga misalin yadda farkon zai kasance a takarda:

SAUTI: kurar ruwa da jarkoki, sakan 4, sai a rage.
WAKILI: Tun kafin rana ta fito wannan kurar ta yi sawu biyu. Mai tura ta ya ce kuɗin da yake biya a bakin borehol ya ƙaru tun shigowar zafi.
MURYA 1: ɗan ga-ruwa. Farko: "Da muna ɗiba a kan..." Ƙarshe: "...dole mu ma mu ƙara." Sakan 18.

Ka lura ban faɗi abin da zai faɗa ba, share masa hanya kawai na yi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne wakili ya kwashe duk maganar mutum ya faɗa sannan a sako muryar tana maimaitawa.

Jimloli su zama gajeru, magana ɗaya a jimla ɗaya. Wanda ya faɗi magana a ambace shi a farko, muƙami kafin suna. Lambobi a rubuta su da kalmomi yadda baki zai furta, a kuma dunƙule su, mai sauraro ba zai riƙe naira da kwabo ba. In da Hausa za ku yi ku rubuta da Hausa kai tsaye, kar ku rubuta da Turanci ku zo kuna juyawa, nan take ake jin ƙamshin fassara. Ku kunna labaran Freedom Radio ko Rediyon Kano ko sashen Hausa na BBC ku ji tsawon jimlolinsu. In ka gama ka karanta da ƙarfi kana duba agogo, ka haɗa da sakan ɗin muryoyin, in ya haura ka rage naka ba nasu ba.

10. Naɗi muryarka

In kun samu situdiyon dipatmen ko na gidan rediyon makaranta, irin BUK FM 98.9, to madalla, ku yi bukin da wuri. In ba ku samu ba ɗaki ma ya isa. Kashe fanka, rufe taga, ka nemi lokacin da janareton maƙwabta ya yi shiru, can dare ko bayan Asuba. Ɗaki mai siminti zalla yana amsa-kuwwa, don haka ka zauna kusa da katifa da labule ko ka lulluɓa da bargo kai da wayar, za ka yi gumi amma sautin zai fito tsaf. Ka yi magana da muryarka ta yau da kullum, kar ka kwaikwayi wani shahararren mai gabatarwa. In ka yi tuntuɓe ka dakata ka sake jimlar daga farkonta ba tare da ka tsayar da rikodin ba.

11. Editin

A laftof ka sauke manhajar editin sauti ta Audacity, kyauta ce. A waya akwai Lexis Audio Editor, tana yi amma yanka da yatsa yana cin rai, in da mai laftof a gurup a yi a can. Ka sa muryarka a layi ɗaya, muryoyin mutane a na biyu, sautin wuri a na uku. Ka fara jera su bisa skirif, sannan ka yanke tuntuɓe da dogon shiru, amma ka bar wa mutane numfashinsu, magana ba numfashi ba ta daɗin ji. Sautin wuri ya shigo da ƙarfi sakan uku ko huɗu sai ka rage shi ya koma ƙasan murya. Daga nan ka daidaita ƙarfin kowace murya da Amplify ko Normalize yadda mai sauraro ba zai dinga ƙarawa da ragewa ba, kuma kar mitar ƙarfin sauti ta taɓa ja. Kana yi kana danna Ctrl da S saboda wuta.

Hattara: Noise Reduction, wato rage hayaniyar da ke bayan murya, a yi shi kaɗan. Za ka zaɓi wurin da ba magana ka danna Get Noise Profile, sannan ka zaɓi duka ka shafa, amma in ka cika hannu muryar za ta koma kamar mai magana daga cikin randa. Kiɗa kuma rahoton labarai ba ya buƙatarsa, sautin da ka naɗo ya fi shi.

12. Fitarwa da miƙawa

Fayil ɗin da Audacity ke ajiyewa in ka danna Save, mai ƙarewa da aup3, ba sauti ba ne, ba zai kunnu a kwamfutar malam ba, kuma ɗalibai da yawa shi suke miƙawa. Export za ka shiga ka zaɓi MP3 a 128 kbps ko WAV, gwargwadon abin da aka nema. Sunan fayil ya ƙunshi lambar kwas da lambar gurup da taken rahoton.

Kafin ku kai ku kunna shi a ƙaramar waya da lasifikarta, ku ba wanda ba ɗan gurup ba ya saurara sau ɗaya ya gaya muku abin da ya fahimta, in ya kasa faɗin labarin to akwai inda za a gyara. Ku duba sunaye da lambobin rajista a bangon skirif harafi da harafi. In a filashi za a miƙa ku sa a sabo ko wanda aka goge, ku gwada shi a wata kwamfutar, ku kuma tura kwafi a imel ɗin furodusa. A kai kwana ɗaya kafin wa'adi, a sa hannu a takardar karɓa in akwai.

Asalin hirarrakin da ba a yanka ba kar ku goge su har sai sakamako ya fito, don malam zai iya cewa a kawo ya ji. Rahoton da aka gama kuma kowa a gurup ya ajiye kwafinsa a Drive tare da skirif, domin ranar da za ka je neman gurbin SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, a gidan rediyo, shugaban sashen labarai zai iya tambayarka ko ka taɓa haɗa wani abu, sai ka ciro waya da iyafis ka miƙa masa.